Kasuwar Portobello da Ilmin Hatimin Azurfa

Akwai masu ganin cewa kasuwar kayan dā wadda ke ci kowace Asabar a titin Portobello, cikin unguwar Notting Hill ta birnin Landan, ba kome ba ce illa gwanjon tarkacen matattu da ake yaudarar baƙi da shi, suna kuma cewa mai son tarihi ya tafi gidan adana kayan tarihi ya huta. Wannan hukunci na wanda ya ratsa kasuwar ne bai tsaya a gaban teburin kowa ba.

Titin ya samo sunansa daga wata gona da aka raɗa wa sunan Porto Bello, garin da Admiral Vernon ya ci da yaƙi a 1739. An daɗe ana sayar da kayan miya da 'ya'yan itatuwa a wurin, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu dillalan kayan dā suka yawaita.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne yadda ma'abota wannan sana'a ke karanta azurfa. Idan mai saye ya ɗauki cokali ko butar shayi, ba ya fara duban kyanta, sai ya kife ta, ya kawo gilashin ƙara girma kusa da idonsa, ya nemi ƙananan hatimai da aka buga a jere. Zaki mai tafiya, wanda aka soma bugawa a 1544, shaida ce cewa cikin kashi 1000 na ƙarfen 925 azurfa ce tsantsa. Kan damisa, wanda asalinsa ke komawa ga dokar shekarar 1300, yana nuna an gwada ta a Landan, ƙugiyar jirgin ruwa kuwa Birmingham take nufi. Sa'an nan ga harafi guda mai bayyana shekara, wanda idan haruffa suka ƙare ake sauya salon rubutunsa da siffar garkuwar da ke kewaye da shi, domin kada zamani ya shiga cikin zamani. Daga ƙarshe ga haruffan sunan maƙerin. Ɗalibin hadisi zai gane wannan manhaja nan take, domin isnadi ne: ba a karɓar matani sai an bi maruwaita ɗaya bayan ɗaya, kuma illa a guda tana raunana duka.

A nan ne fifikon kasuwa yake. A gidan tarihi an riga an yi maka tahƙiƙi an rufe cikin gilashi, kai naka taƙlidi ne; a titi kuwa kai ne alƙali, ka taɓa, ka auna nauyi, ka yi jayayya da dillali da hujja, kuskurenka kuma aljihunka ne zai biya. Jabu na nan, babu musu, amma samuwar jabun ita ce ta wajabta ilmin.

Saboda haka wanda Allah ya kai shi Landan, ya yi sammako ranar Asabar kafin cunkoso, ya riƙe gilashinsa, kada ya karɓi maganar dillali sai hatimi ya gaskata ta.