Gwangwanin Kifi da Tsirkiya Ɗaya: Sake Sauraron Ɗan Maraya Daga Abakpa

Mu da muka tashi a Abakpa cikin shekarun 1980, da wuya ka sami wanda bai taɓa haɗa kuntigi ba. Gwangwanin kifi muke tsintowa a bola, mu huda shi da ƙusa, mu zura kara, mu lulluɓe bakin da leda mai kauri, sannan mu ɗaura wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Sautin da ke fita bai wuce kukan sauro ba, amma a kunnenmu Ɗan Maraya Jos ne da kansa ya sauka a layinmu. Abin da ya ba mu ƙarfin hali shi ne nasa ma gwangwanin ne, fatar akuya kawai ya fi mu.

Unguwa ce ta maƙwabtan bariki, kowace ƙabila akwai ta, kowane kiɗa kuma yana shigowa. Da sassafe bigilar sojoji, wani lokaci badujala idan ana fareti. Da yamma Rediyon Kaduna ya kawo kalangun Shata da gurmin Haruna Uji, a talabijin kuma ga Bala Miller da tarin makaɗansa. Duk waɗannan sai dai kallo da saurare, domin kalangu yana son ’yan amshi, kayan Bala Miller suna son kuɗi. Kuntigi ne kaɗai yaro zai ce shi ma zai iya.

To, a nan gizo ke saƙar. Tun rasuwar Adamu Wayya a ranar 20 ga Yuni, 2015, yawancin abin da muke faɗa a kansa bege ne kawai: Allah sarki ƙuruciya, Allah sarki zamanin kaset. Mun mayar da shi abin tuna baya, kamar alewar ɗinya. Muna ganin wannan ragi ne aka yi masa, kuma mu da muka yi wasa da gwangwani mun fi kowa laifi, don mun ɗauka sauƙin kayan kiɗan shi ne sauƙin waƙar.

Abin da ya buɗe mana kunne daga baya, abin mamaki, mujallun zane ne. A wancan lokaci Ikebe Super ta Wale Adenuga, wadda ta fara fitowa a 1976, tana yawo hannu zuwa hannu har bangonta ya cire. Da Turancin buroka ake rubuta ta, kuma a ɓoye muke karantawa, saboda ba duk zanen cikinta ne iyaye za su lamunta ba. Yayyenmu su kuma ba su da hira sai ta Lance Spearman na mujallar African Film, mai hotuna jere da magana a saman kai. A cikin waɗannan muka fara gane cewa mai zane ba ya bayyana hali da dogon sharhi. Sanƙon kan Papa Ajasco da tumbinsa sun isa. Kafin ya buɗe baki ka san ko waye.

Haka Ɗan Maraya yake gina waƙa. A saurari “Karen Mota” da wannan kunnen. Bai tsaya yi mana lacca kan darajar sana’a ba, sai ya jero mana yaron mota a bakin aiki, yana loda fasinja, yana canza taya, yana tura mota idan ta mace. Hoto ne bayan hoto, kuntigin kuma yana shiga tsakani kamar farin layin da ke raba akwatin zane da na gaba. A “Gulma Wuya” ya ƙara gaba, ya kawo labari sukutum: ana shiga ana fita da gulma tsakanin mata da miji don a wargaza aure. Mutum ɗaya, tsirkiya ɗaya, ba ɗan amshi, amma ka rantse mutum uku ne a dandalin. Ga kuma zaɓin wanda ake yi wa waƙar. Mahaifinsa makaɗin fada ne a Bukuru, shi ma a hannun sarki ya tashi bayan ya zama maraya, duk da haka ya ɗauki salon kirarin manya ya ɗora wa yaron tasha.

Ba mu ce duk waƙoƙinsa haka suke ba. Inda ya koma faɗakarwa tsagwaronta, a yi kaza a bar kaza, zanen yakan dushe, sai nasiha ta rage, kuma nasiha kowa ma ya iya. “Jawabin Aure” tana tsakanin biyun: tana da rai muddin ma’auratan suna gabanmu, tana yin sanyi idan aka koma jan kunne.

Akwai kuma abin da begenmu yake ɓoyewa. Gidajen da ake ƙure rediyo idan an sako Ɗan Maraya, su ne gidajen da aka tattake mana gwangwani aka ce ba a haifi maroƙi a nan ba. Mujallun ma ƙarshensu murhu ne ko ƙunshin ƙosai. Cikin duk sa’o’inmu na layin, ba wanda ya wuce wayar birki ya kai ga tsirkiyar gaske. Shi ya sa idan marubutanmu suka zo ba da labarin ƙuruciya, sai ka ga allo da kiwo da tatsuniyar kaka, ka nemi yaron birni mai kuntigin leda da yagaggiyar mujalla a aljihu ka rasa. Kwanan baya mun gwada haɗa wani don ’ya’yanmu su gani. Ƙaramin cikinsu ya juya shi, ya duba ƙasansa, ya tambaye mu inda ake sa masa caji.