Da Wace Fitowa Za A Buɗe?

Mai karatu, matsalar darakta ita ce ta malamin kimiyyar sinadarai a jami'a: da me za a buɗe? Littafin Physical Chemistry na Peter Atkins, da ya fara fitowa a 1978, da iskar gas da zafi ya soma, abubuwan da ɗalibi ya sani, sannan ya gangara cikin ƙwayar zarra. McQuarrie da Simon kuwa, a 1997, da lissafin ƙwayar zarra suka buɗe nasu. Gaskiya nasu ya fi tsari, don daga tushe suka taso. Amma ɗalibin da lissafinsa bai nuna ba tun nan zai sare, kamar ɗan kallon da aka jefa tsakiyar rikici bai san jarumi ba. Ni dai ina bayan Atkins.