Masu Bin Diddigin Motocin Bas a Birtaniya

A Birtaniya akwai wani nau'in rubutu da baƙo zai buɗe ya rufe, don ba zai ga komai ba sai jerin lambobi. Shafi guda kan cika da irin wannan bayani: bas mai lamba kaza ta bar garejin wannan gari ta koma wancan, an sake mata fenti, an sayar da uku ga wani ƙaramin kamfani, ɗaya ta faɗa hannun 'yan gwangwan. Abin da ƙungiyar PSV Circle, wadda aka kafa a 1943, take tattarawa ke nan tana bugawa wata-wata, yanki-yanki. Omnibus Society ta girme ta, tun 1929 take, kuma hankalinta ya fi karkata ga hanyoyi da jadawalin zirga-zirga. Mujallar Buses kuwa, da ta fara fita a 1949 da sunan Buses Illustrated, ita ta kai wannan sha'awa teburin masu sayar da jarida.

Akasarin masu aiko da labarin ba 'yan jarida ba ne. Mutane ne da ke tsayuwa bakin tasha da littafi da kyamara, kuma ƙa'idarsu mai tsauri ce: wanda ya kuskure lamba ɗaya, wani zai gyara masa a fitowa ta gaba. Amfanin wannan naci ya fito fili bayan Oktoban 1986, lokacin da gwamnati ta sakar wa kamfanoni mara a harkar bas a wajen Landan, aka kuma yayyanka babban kamfanin gwamnati, National Bus Company, aka sayar. Ƙananan kamfanoni suka yi ta ɓullowa suna mutuwa, manya suna haɗiye wasu. Mai son sanin motar da ta yi jigilar mutanen wani ƙauye a waɗannan shekaru, da wuya ya sami madogarar da ta fi waɗannan takardu. Ni a ganina wannan aikin tarihi ne na gaske, ko da masu yinsa ba su kira kansu masana ba.

Ƙananan motocin kwaikwayo da ake tarawa reshe ne na wannan aiki. Yawanci ana rage girman mota sau 76, don ta dace da 'yan jiragen ƙasan da ake jerawa a gida. Kamfanin EFE, da ya fara a 1989, da Corgi sun yi suna a nan. Mai saye yakan duba fenti da lambar mota da allon da ke nuna inda za ta, domin kore da ruwan madara na kamfanin bas na Southdown, ga wanda ya tashi a Sussex, launin garinsu ne.

Inda nake da ƙorafi shi ne, rubutun ya fi kula da ƙarfe fiye da mutanen da ke cikinsa. Za a gaya maka irin injin mota da wanda ya ƙera jikinta, amma ba kasafai za ka ji labarin direba ko fasinja ba. Maganar tikiti ce kusan kaɗai ke tilasta wa marubutan waiwayar mutum, shi ya sa na fi ɗaukarta da muhimmanci.

Tikiti ya samo asali ne daga rashin yarda tsakanin mai mota da kwandasta. Na'urar Bell Punch takan huda tikiti, ƙararrawa ta kaɗa fasinja ya ji, ɓarɓashin takardar kuma ya zauna a ciki, ta yadda ofis zai iya ƙirgawa ya kwatanta da kuɗin da aka kawo. A 1953 na'urar Gibson, mai buga tikiti nan take daga naɗin takarda, ta shigo Landan, kwandasta na rataye da ita a ƙirji. Daga 1956 hukumar sufurin Landan ta riƙa ɗauko ma'aikata kai tsaye daga Barbados, kuma da yawansu wannan na'ura suka rataya. Masu tara irin wannan na'ura sun san kowane ƙarfe da ke cikinta. Waɗanda suka yi shekaru suna hawa da sauka benen bas da ita a wuya su ma sun cancanci shafuka.

Daga nan aka koma mota mai direba shi kaɗai. Katin biyan kuɗin mota na Oyster ya zo a 2003, motar Routemaster mai kwandasta ta yi aikinta na yau da kullum na ƙarshe a hanya ta 159 a Disamban 2005, kuma a Yulin 2014 motocin Landan suka daina karɓar tsabar kuɗi. Yanzu a Landan fasinja kati ko waya yake dangwalawa, bayanin tafiyarsa ya shige kwamfutar hukuma. Babu takardar da mai sha'awa zai tsinta ya adana, kuma abin da ya rage masa ya rubuta shi ne wane kamfani ya sayi wace na'ura, da ranar da aka fara aiki da ita.