Iyakar da Kofaton Doki Ke Shatawa

Tun shekarar 1971, duk wanda ya tambaya ina ƙasar Kajun take a jihar Luwiziyana ta Amurka, amsa ɗaya ake miƙa masa: gundumomi 22 daga cikin 64 na jihar, waɗanda majalisar dokoki ta haɗa ta raɗa musu suna Akadiyana. A taswira siffarsu ta alwatika ce. Gindinta yana kwance a gaɓar Tekun Meksiko, daga kogin Sabine da ke bakin Texas har zuwa dab da New Orleans, tsininta kuma ya miƙe arewa zuwa Avoyelles. An yi wa yankin tuta, masu harkar yawon buɗe ido sun karɓe shi hannu bibbiyu. Ni dai wannan alwatika ba ta gamsar da ni ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, masu riƙe da ita su ne kan gaba wajen raina al'adar da ta fi kowace nuna inda Kajun suke: zagayen ƙauye na ranar Mardi Gras, wanda su da kansu suke kira courir, wato gudu. An ce wai buguwa ce kawai da birgima a taɓo. Wanda ya faɗi haka ya kalli rigunan, bai kalli hanyar da dawakin suka bi ba.

Tarihin sananne ne. Faransawa sun zauna a Akadiya, gabashin Kanada ta yau, tun farkon ƙarni na 17. A 1755 Turawan Ingila suka loda su a jiragen ruwa suka watsa su uwa duniya. A 1765 Joseph Broussard ya iso Luwiziyana da mutum wajen 200, a 1785 kuma jirage 7 suka kawo kusan 1,600 daga Faransa. Bakin mutane ya tauna sunan Akadiyen har ya koma Kajun. Shi kuwa sunan Akadiyana na jiya-jiya ne: a farkon shekarun 1960 aka yi kuskuren ƙara harafi ɗaya a ƙarshen kalmar Acadian a wata takardar kuɗi da aka aika wa gidan talabijin na KATC a Lafayette, gidan ya ga sunan ya yi daɗi, ya riƙe.

Akwai kuma masu auna iyaka da jini, su ce Bakajune shi ne jikan waɗanda aka koro daga Akadiya. Wannan ba ya buƙatar doguwar muhawara. Dennis McGee, ɗaya daga cikin manyan masu goge na kiɗan Kajun, sunan Ayalan yake ɗauke da shi. Iyalan Romero daga Sifaniya suka zo, na Schexnayder Jamusawa ne. Gundumar Evangeline, inda harshen Faransanci ya fi daɗewa a bakin talakawa, yawancin kakannin mutanenta ba su taɓa taka Akadiya ba. Auratayya da maƙwabtaka da tukunya ɗaya suka mai da su Kajun.

To mu koma kan dawakin. Ranar Mardi Gras, wato Talatar da ke gaban azumin Kirista na kwana 40, tun kafin rana ta fito, mazan garin Mamou suke taruwa a kan dawakai. Kowa ya sa riga da wando na tsummoki kala-kala masu geza, ya rufe fuska da abin rufe fuska na ragar waya da aka zana wa ido da baki, ya ɗora doguwar hula mai tsini. Shugaban ayarin, wato kyaftin, shi fuskarsa a buɗe take. Yana yafe da alkyabba, yana riƙe da farar tuta, kuma maganarsa ce doka har faɗuwar rana. Shi yake karanta musu sharuɗɗa kafin a tashi, shi yake korar wanda ya wuce gona da iri. Makaɗa suna biye a cikin keken da ake ja, da goge da ƙaramar akodiyan.

Idan aka tunkaro gida, ayarin yakan tsaya cak a bakin hanya. Ba wanda zai tsallaka. Kyaftin shi kaɗai zai ƙarasa da tutarsa a ɗage, ya gai da mai gida, ya tambaye shi ko zai karɓi 'yan Mardi Gras. Mai gida yana da ikon ya ce a'a, kuma in ya faɗa, ayari wucewa zai yi. In ya amsa, kyaftin ya kaɗa tuta, sai dawaki su sako a guje kamar mahara. Su dira, su yi waƙa, su yi rawa da matan gidan, su durƙusa suna miƙa hannu suna roƙon 'yan kwabbai, wani ya haye bishiya, wani ya ɗare rufin rumbu. Daga nan a ba su abin da ya sawwaƙa: shinkafa, albasa, gari, mai, bandar naman alade. Babbar kyauta ita ce kaza mai rai. Mai gida zai cilla ta sama, ita kuma ta nufi gonar shinkafa, garada su bi ta cikin ruwa da laka suna faɗuwa suna tashi har wani ya cafke ta ya ɗaga. Bahaushen da ya yi tashe yana yaro zai gane wannan roƙo na wasa, wanda mai bayarwa da mai karɓa duk sun san juna.

Wannan tsayawa a bakin hanya ita ce zuciyar al'adar gaba ɗaya, kuma ita masu suka suke tsallakewa. Mutanen da suka rufe fuska, wasunsu da giya a ciki, suna da yawan da za su iya afka wa kowane gida, amma sai su jira izini daga bakin mutum ɗaya. Ma'anar tambayar kyaftin a fili take: kana cikinmu? Kazar da aka cilla ita ce amsa. Kuma amsar ba ta ƙarewa a nan, domin duk abin da aka tara gari ake kai shi a zuba a tukunyar gumbo, miyar nan da ake fara ta da soya gari a mai har ya yi duhu, wadda sunanta ya samo asali daga sunan kuɓewa a harsunan Bantu. Da dare wanda ya ba da kaza zai zo ya ci rabonsa. Gidan da ya bayar da safe kuma ya ci da dare, shi ne ɗan gari. Inda ayari ya juya linzami ya kamo hanyar gida, nan ne ƙarshen garin a idon mutanensa, ko da takardar hukuma ta ce da saura. Masana al'adun yankin irin su Barry Ancelet sun daɗe suna nazarin wannan zagaye, kuma fim ɗin Pat Mire na 1993, Dance for a Chicken, ya nuna yadda kowane gari yake da nasa salo.

Salon ya bambanta ƙwarai. A Tee Mamou, kusa da Iota, ba a hawa doki, a tirela ake jan 'yan wasa, kyaftin da mataimakansa suna riƙe da bulalar da aka tufka da buhun algarara, mata kuma suna da nasu zagayen daban. Garin Church Point ranar Lahadi yake yin nasa. Can gabas a Gheens, cikin gundumar Lafourche, ƙasar fadama da kwalekwale, masu rufe fuska yara suke kora da tsumagiya, su sa su durƙusa su yi addu'a. Baƙar fata masu jin Faransanci, waɗanda ke kiran kansu Kiriyol, su ma suna da nasu zagayen a kan hanyoyin da ke maƙwabtaka da na farare. Wannan rabuwa tabon wariyar launin fata ne, kuma ba na ɓoye shi. Amma ka ga abin da zagayen ya fallasa: al'umma biyu a fili ɗaya, da harshe ɗaya da miya ɗaya. Alwatikar majalisa launi ɗaya ta shafa wa kowa.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce Oberlin. Garin shi ne hedikwatar gundumar Allen, kuma Allen ba ta cikin 22 ɗin nan. A takarda, Oberlin ba Akadiyana ba ce. Amma duk shekara mutanenta suna fita zagaye, suna bin kaza, suna dafa gumbo. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai gundumomin bakin kogin Misisipi da ke cikin jerin, inda ba a san wannan zagaye ba. A yamma ma taswirar ta gaza. Bayan da man fetur ya ɓulla a Spindletop ta Texas a 1901, dubban Kajun suka tsallaka Sabine neman aiki a matatun Port Arthur da Beaumont. A Port Arthur makaɗi Harry Choates ya girma, shi ne ya ɗauki waƙar Jole Blon a faifai a 1946 har ta zagaye Amurka. Taswirar hukuma a bakin kogi ta tsaya, ta bar su a waje.

Za a ce mini zagayen ma ai ba ko'ina ake yin sa ba, kuma na Mamou sai da aka farfaɗo da shi a farkon shekarun 1950 bayan ya yi sanyi. Na yarda. A wurina farfaɗowar ma shaida ce. Dokar jihar ta 1921 ta mai da Ingilishi harshen makaranta, an hukunta yara don sun yi Faransanci, amma mutanen da aka yi wa haka su ne suka sake ɗaura sirdi da hannunsu.

Abin da ke damuna yanzu shi ne ƙauyen da kansa. Ƙananan gonaki sun haɗe sun zama manya, gidajen da ke kiwon kaji sun ragu, matasa sun koma Lafayette da Houston. A wurare da yawa masu shirya zagaye su ke sayo kajin su raba wa gidaje, gumbo kuma tana kan wuta tun kafin ayari ya dawo. Saboda haka kafin ranar ta zo, kyaftin yakan bi hanyar da kansa, gida gida, yana tambayar wa zai buɗe ƙofa bana. Wani tsoho ya rasu, 'ya'yansa sun sayar da filin, an cire gidan daga hanya. Wani baƙo ya tare, ya ji labari, ya ce a biyo ta wurinsa, an ƙara shi. Da wannan jerin sunaye a aljihu kyaftin yake hawa doki ranar Talata da asuba.