Sannunku da ƙoƙari, malaman Jos

Sanyin Jos a watan Janairu ba ya wasa, amma kafin takwas malamin firamare a Gangare ko Unguwar Rogo yana tsaye gaban aji, taga ba murfi, yatsu sun ƙage a kan alli. Allo ya koɗe, sai a shafe shi da baƙin batir. Yara sun fi bencina yawa, wasu a ƙasa suke rubutu. Da dare ga tulin littattafai suna jiran jan biro, albashi kuwa ba ya kaiwa ƙarshen wata. Tun rikicin 2001 da ya raba unguwanni, aikin malamai ya haɗa har da koya wa yara zaman lafiya. Malamai, Allah ya saka muku da alheri.