SOYAYYA KO SIYASA: WACE HANYA SULAIMAN IBRAHIM KATSINA YA ZAƁA?

Tambayar da takan addabi sabon marubuci ita ce: wane irin labari zai riƙe, har a san shi da shi? Na soyayya, ko na jaruntaka, ko na bincike, ko kuwa na gyaran al'umma? Masu sayar da littattafai amsarsu ɗaya ce, wato ya rubuta abin da ke tafiya. A nan ina so mu dubi yadda wani gwani ya warware wannan matsala.

Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito ne da Mallakin Zuciyata, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980 bayan ya ci gasa, tare da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Labarin soyayya ne. Da ya so, da ya ci gaba da kiwon wannan saniya tunda ta fara ba da nono. Sai ga Turmin Danya a 1982, labarin attajiri ɗan fasa-ƙwauri da yadda kuɗi ke sayen ma'aikata. A 1983 kuma ya fito da Tura Ta Kai Bango, inda talakawa da siyasar jam'iyya suka mamaye fagen.

Wasu za su ce ya bar soyayya ya koma siyasa. A ganina ba haka ba ne. Wanda ya karanta littattafan uku a jere zai tarar damuwarsa guda ce: me mai dukiya da iko ke yi wa marar shi? A littafin farko ya yi tambayar a maganar aure, a na biyu a harkar kasuwanci, a na uku a fagen zaɓe. Ashe nau'in labari riga ce, jigo shi ne jiki. Sai dai zaɓin na da tsada. A Tura Ta Kai Bango saƙo yakan rinjayi labari, har wasu taurarin su zama kamar masu lacca. Turmin Danya ya fi armashi domin can mutanen suna da jini a jika.

Haka Balaraba Ramat Yakubu ta yi. An jefa Alhaki Kwikwiyo Ne na 1990 cikin kwandon littattafan soyayya, alhali kukan matar da miji ya wulaƙanta ne.

To, ina ruwanmu da wannan a ƙasar Haɗejiya? Ɗalibanmu da ke rubutu kusan duk labarinsu na ɗan Alhaji ne mai mota a Nasarawa ta Kano, unguwar da yawancinsu ba su taɓa takawa ba. Alhali ga kogi a gabansu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canza. Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta suna kuka, manomi da makiyayi suna ja-in-ja kan fadama, ambaliya tana cin gidaje. Tsuntsaye ma sukan taso daga Turai su sauka a dausayin Baturiya, amma alƙalumanmu sun ƙi sauka.

Ba cewa nake a bar soyayya ba. A rubuta ta, amma saurayin ya zama masunci wanda kifi ya yi wa ƙaranci har sadaki ya gagare shi. Marubuci ya fara gano abin da ke hana shi barci, sannan ya zaɓi rigar da za ta dace da shi. Allah Ya sa mu dace.