Kotun Turai da Mudunta Biyu Kan Alamomin Addini

Sashe na 9 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, wadda aka sa wa hannu a 1950, ya ba kowa 'yancin addini da 'yancin bayyana shi. Gwamnati ba ta da ikon taƙaita bayyanawar sai da larura, kamar tsaron jama'a ko kare haƙƙin wasu. Abin da nake so mu duba, 'yan'uwa ɗalibai, shi ne mudun da kotun Strasbourg take auna wannan larura da shi.

A 2001 kotun ta yi watsi da ƙarar Dahlab, malamar firamare a Geneva wadda aka hana koyarwa da ɗankwali. Ba wani uba ko uwa da ya kai kuka a kanta, amma kotu ta ce ɗankwalin alama ce mai ƙarfi da za ta iya tasiri kan ƙananan yara.

Bayan shekara goma, a 2011, sai ga shari'ar Lautsi, wata uwa da ta ƙalubalanci gicciyen da ake ratayewa a azuzuwan makarantun gwamnati a Italiya. Alƙalai 15 cikin 17 suka ce gicciyen alama ce da ke zaune lami lafiya a bango, kuma babu shaidar yana tasiri kan ɗalibai. To, ina shaidar da aka kawo a kan ɗankwalin Dahlab? Rashin shaida ya wanke gwamnati, amma bai wanke malama ba.

Masu kare kotun suna cewa tarihin ƙasashe ya bambanta, don haka dole a bar wa kowace ƙasa damar yanke wa kanta. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai da wannan dama ce kotun ta amince a 2014 da dokar Faransa ta 2010 mai hana rufe fuska a bainar jama'a, bisa dalilin "zaman tare", kalmar da babu ita ko kaɗan a Sashe na 9. A 2018 Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba wannan doka, ya ce ta tauye haƙƙin wasu mata biyu da aka ci tara.

A lura, Dahlab Musulma ce, Lautsi kuwa makaranta marar alamar addini take nema. Ra'ayinsu ya sha bamban, amma duk sun sha kaye, domin kowaccensu tsiraru ce a inda take. A ganina nan aibin yake: abin masu rinjaye ya zama al'ada, na tsiraru ya zama barazana. Masu rinjaye suna da majalisa da ƙuri'a. Tsiraru kotu kaɗai gare su. Mu da za mu koma gida wata rana, inda a wasu garuruwan mu ne masu rinjaye, ya kamata mu riƙe wannan darasi da kyau.